Masuntan Tafkin Chadi da Dabarun Bin Ruwa

Tafkin Chadi, wanda ƙasashen Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka yi tarayya a kansa, yana cikin wuraren da aka fi kafa hujja da su a duk lokacin da ake maganar sauyin yanayi, wato canjin da yake samun zafi da ruwan sama da iskar wani yanki a tsawon shekaru masu yawa, har abin da jama'a suka saba da shi ya daina zama abin dogaro. Alƙaluman da aka saba kawowa su ne cewa a shekarar 1963 faɗin ruwan tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ya saura na sararin ruwa bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, sai dai sukan sa mai karatu ya zaci cewa sana'ar su ta mutu tare da janyewar ruwan, alhali kuwa a cikin waɗannan shekaru ne jama'a suka fi kwarara zuwa gaɓar tafkin, kuma kifinsa bai daina shiga kasuwannin Maiduguri da Kano da Anacha da Legas ba. Waɗanda suka riƙe sana'ar ƙananan masunta ne, wato mutanen da jarinsu bai wuce kwale-kwale ɗaya da 'yan komaye da ƙugiyoyi ba, masu aiki da ƙarfin jikinsu da na iyalansu, kuma hanyoyin da suka bi suka tsira da abincinsu sun cancanci a dube su da kyau, domin sun fara fuskantar matsalar kusan shekaru 20 kafin ƙasashen duniya su zauna su ƙulla yarjejeniya a kanta.

Ba a fahimtar dabarun masuntan sai an fahimci halin tafkin kansa. Tafki ne marar zurfi, wanda a mafi yawan sassansa ruwan bai wuce 'yan mitoci kaɗan ba, yana kuma kwance a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ta yadda ƙaruwa ko raguwar taƙi ɗaya ko biyu a zurfinsa kan matsar da bakin gaɓa da kilomitoci. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna suke kawo masa yana zuwa ne daga Kogin Shari da reshensa Logon, waɗanda suke tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru, yayin da Komadugu Yobe, wanda ya kwaso ruwan Haɗeja da Jama'are, yake kawo ɗan ƙaramin kaso ta ɓangaren arewa. Saboda nisan tafiya, ruwan da aka yi da damina a can kudu ba ya kai matuƙar cikarsa a Njamena sai wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, tafkin kuma ba ya tumbatsa sai cikin hunturu, lokacin da sauran ƙasa ta riga ta bushe, daga nan rana da iska su shiga ƙafar da shi har su ɗauke sama da mita 2 na ruwa a shekara. A kan hanyarsa kuwa ruwan Logon yakan malala a wasu faffaɗan fadamu na arewacin Kamaru da ake kira yaere, inda kifaye suke shiga su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a cikin ciyawa kafin su gangara kogi da tafki, shi ya sa yawan kifin kowace shekara yake rataye a kan girman ambaliyar da ta gabace ta.

Farin da ya afka wa yankin Sahel a 1972 da 1973 shi ne ya sauya wa tafkin kama, domin a 1973 wani tudu da yake kwance a ƙarƙashin ruwa daga wajen Baga zuwa gaɓar Chadi ya bayyana, ya raba tafkin gida biyu: kwarin kudu da yake samun ruwan Shari kai tsaye, da kwarin arewa da, ban da ɗan ruwan Komadugu Yobe, ba ya samun komai sai abin da ya tsallake tudun da ciyayin da suka rufe shi. Kwarin arewa, inda Nijar take da rabonta, ya ƙafe a 1975, ya kuma sake ƙafewa a shekaru da dama bayan farin 1984, wanda ya fi na baya tsanani. Masana yanayi sun danganta wannan dogon fari da sauyin ɗumin ruwan tekunan Atlantika da Indiya, wanda ya janye hadarin damina zuwa kudu, wasu nazarce-nazarce kuma sun ɗora wani kaso na alhakin a kan hayaƙin masana'antun Turai da Amurka. Madatsun ruwa sun ƙara wa al'amarin nauyi, domin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kachala ta samu damar toshe hanyoyin ruwa, ita kuma madatsar Maga da Kamaru ta gina a 1979 don noman shinkafa ta hana ruwa isa wani babban sashe na yaere.

Abin da ya fara sauyawa a hannun masunci shi ne kifin kansa. A farkon farin ruwa ya tsuke, kifaye suka cunkushe a ɗan wuri, kamu ya yi yawan da ba a taɓa gani ba, har aka ƙiyasta cewa ya haura tan 200,000 a 1974, amma wannan yalwa ba ta daɗe ba, saboda ciyayin da suka tsiro a busasshiyar ƙasa sun ruɓe da ruwa ya dawo kansu, ruɓewar ta cinye iskar shaƙa da take narke a cikin ruwa, kifaye suka riƙa mutuwa da yawan gaske. Waɗanda suka fi cutuwa su ne kifayen sararin ruwa, irin su giwan ruwa da tsage da faliya, da kuma ɗan siririn kifin nan mai sheƙi da 'yan kasuwa suke kira salanga, wanda a da shi ne ginshiƙin cinikin busasshen kifi. Waɗanda suka gaje wurin kuwa kifayen fadama ne masu juriya: tarwaɗa, wadda take da wata gaɓa kusa da ƙoramarta da take ba ta damar shaƙar iska daga sama, da bargi mai irin wannan baiwa, da karfasa mai saurin hayayyafa da jure ruwa mai ƙarancin iska, da gaiwa, wadda takan shige cikin taɓo ta lulluɓe kanta da yauƙi ta jira dawowar ruwa na tsawon watanni.

Sabon kifi da sabon wuri sun tilasta sabon kayan aiki. Tun daga farkon shekarun 1960 abin da aka fi dogara da shi shi ne kalli, wato doguwar ragar zaren roba da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa domin kifi ya sarƙe a idanunta, amma irin wannan raga tana buƙatar sarari, ba ta da amfani sosai a cikin ciyawa da kututture. Sai masunta suka ƙara karkata ga mamari, igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake jerawa kurkusa da juna a hanyar kifi, da kuma gura, wato tarkon da kifi yake shiga ya kasa fita. Mafi tasiri a ciki ita ce gurar Mali, wadda masunta 'yan ƙasar Mali da fari ya koro daga Kogin Kwara suka zo da ita a shekarun 1980: ƙwarangwal ne na tsumagu da ake lulluɓe shi da raga, a yi masa ƙofofi masu tsukewa ta ciki, a zuba masa dusa. Arhar wannan tarko da sauƙin haɗa shi sun sa ya bazu cikin ɗan lokaci, domin mutumin da bai gaji su ba, ko wanda ba shi da kwale-kwale, yana iya kafa shi a ruwan da bai wuce ƙugunsa ba.

Daga gurar Mali ne aka samu dumba, wadda ta fi kowace dabara jawo riba da kuma rigima. Dumba jerin guraye ne da ake haɗa su gefe da gefe su zama shinge a kan mashigar da kifi yake bi idan ruwa ya fara ja da baya, ta yadda kusan duk abin da ya biyo hanyar sai ya faɗa ciki. Da yake wuraren da suka dace da kafa ta ƙididdigaggu ne, sai samun izininsu ya zama abin takara tsakanin masu hannu da shuni, kuma bulamai da lawanai da jami'an ƙananan hukumomi suka shiga rabon wuraren da karɓar kuɗi a kansu, duk da cewa dokar kamun kifin ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya ta 1992 ta taƙaita datse hanyar kifi, kamar yadda ta haramta su da guba da abubuwan fashewa da raga mai ƙananan idanu. Masuncin da yake ƙasa da shingen, mai kalli ko mamari, yakan wayi gari ya tarar an tare masa abinci tun daga sama. A nan ya kamata a lura cewa ba kowace dabarar jure sauyin yanayi ce take amfanar kowa ba, domin wadda ta fitar da wani daga ƙunci tana iya mayar da zaman gaɓa ya zama na kashin dankali, manya a sama ƙanana a danne, kuma shingen da yake kame ƙananan kifaye kafin su girma yana cin rabon baɗi ne tun bana. Irin wannan takara ta bayyana a yaere ma, inda masunta suka haƙa dubban magudanai da hannu domin janyo kifi daga fadama zuwa ragar da suka kafa a bakin kogi, abin da ya riƙa haddasa saɓani tsakaninsu da makiyayan da shanunsu suke rusa magudanan.

Wata dabarar kuma, wadda ta girme wa duk sauran, ita ce bin ruwa duk inda ya nufa. Garin Baga, wanda a shekarun 1960 yake bakin ruwa, ya koma can tudu, ciniki ya matsa zuwa Doron Baga, sababbin matsugunai kuma suka tsiro a kan tsibiran da janyewar ruwa ta fitar, irin su Daban Masara da Kwatan Dawashi da Sabon Tumbu da Tumbun Naira. Mazaunansu sun haɗa da Barebari da Buduma da Kanembu da Shuwa da Kotoko da Jukunawa, da kuma Hausawa masu yawa da suka zo daga ƙasashen Sakkwato da Kabi da Haɗeja da kudancin Nijar, har Hausa ta zama harshen ciniki a yawancin kwatocin tafkin. Masuncin da ruwa ya gudu daga ƙofar gidansa a Ngigmi ko Malam Fatori, a gaɓar kwarin arewa, yakan bar iyali ya bi shi zuwa kwarin kudu na wasu watanni, ya kafa bukka, ya dawo idan ambaliya ta sake tsallako tudu. Ruwa kuwa bai san iyakar ƙasa ba, shi ya sa masuntan Najeriya da suka bi shi gabas suka kafa ƙauyuka a yankin Darak, wanda daga baya ya shiga cikin ƙarar da Kamaru ta kai Najeriya Kotun Duniya, kotun ta yanke hukunci a Oktoban 2002 cewa yankin na Kamaru ne, aka kuma miƙa mata ƙauyuka sama da 30 a Disamban 2003.

Sai dai abin da ya fi komai riƙe gidajen masunta shi ne noma a ƙasan tafkin. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta tana da danshi da taki na ruɓaɓɓun ciyayi, tana iya fitar da masara da wake da kuɓewa da dankali da rani tsaka ba tare da ruwan sama ko ban-ruwa ko takin zamani ba, manomi yana bin bakin ruwa yana shuka a hankali a hankali gwargwadon yadda yake ja. Ta haka fili ɗaya yakan yi aiki uku a shekara guda, a kama kifi a kansa lokacin cika, a noma shi bayan janyewar ruwa, dabbobi kuma su ci kara da harawa bayan girbi, gida ɗaya kuma yakan raba 'ya'yansa tsakanin ayyukan, ya ƙarfafa su a shekarar babbar ambaliya, ya ƙarfafa noma a shekarar ƙarama. Buduma, waɗanda suka shahara da shanun Kuri masu kumburarren ƙaho, sun daɗe suna mayar da kuɗin kifi shanu, su kuma koma ruwa idan garke ya karye. Darajar wannan tsari tana fitowa fili idan aka gwada shi da babban aikin ban-ruwa na Kudancin Tafkin Chadi da gwamnatin Najeriya ta buɗe a yankin Marte a 1979, wanda aka tsara zai shayar da kimanin hekta 67,000 na alkama da shinkafa daga ruwan tafkin. An gina shi ne bisa zaton cewa ruwa zai tsaya inda aka same shi, da ruwan ya ja sai babbar magudanarsa ta tsaya a bushe, bai taɓa noma ko kusa da abin da aka tsara ba, da yawa daga cikin manoman da aka tanadar wa filayensa kuma suka gangara ƙasan tafki suka yi abin da masunta suke yi.

Sarrafa kifin ma ya bi sawu. Salanga shanya ta ake yi a rana, amma tarwaɗa da bargi masu tsoka da maiƙo sun fi dacewa da banda, wato kifin da aka gasa da hayaƙi har ya bushe, aikin da mata suke da babban hannu a cikinsa, kuma shi ne ake cusawa a kwalaye a ɗora wa manyan motoci zuwa kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, daga can zuwa kudu. Banda tana cin itace a yankin da itace ya yi ƙaranci, ko da yake a kwarin arewa wata bishiyar ƙaya da aka shigo da ita daga waje, mai suna Prosopis, ta mamaye busasshen ƙasan tafkin, da ruwa ya dawo ya kashe ta sai ta zama makamashi ga masu banda, ta kuma zama cikas ga jirage. Ƙwari suna lalata kaso mai yawa na kifin kafin ya isa kasuwa, abin da yake sa wasu suke yayyafa masa maganin ƙwari na gona, al'adar da take cutar da mai ci, wadda kuma ingantaccen murhu irin na Chorkor, da aka ƙirƙiro a Gana a 1969, zai iya rage buƙatarta, saboda yana busar da kifi sosai da itace kaɗan. Yawancin masunta kuma ba su da jarin sabunta raga ko sayen injin jirgi, sai su karɓa bashi daga fatake da sharaɗin sayar musu da kamu a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa, dangantakar da take ceton su a mummunar shekara, take kuma rage musu ribar kyakkyawa.

Yanayin da ake ciki yanzu ya bambanta da na shekarun fari. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, ya ma farfaɗo, musamman idan aka lissafa ruwan da yake ɓoye a ƙarƙashin ciyayi, kuma wani nazari da masana suka yi wa Hukumar Tafkin Chadi a 2014 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 2 ne suke zaune a gaɓarsa da tsibiransa, abincin da suke samarwa kuma yana kai wa ga kimanin miliyan 13. Ruwan sama ya dawo, amma da wani hali na dabam, domin wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, ga kuma zafi da yake ƙaruwa. An ga sakamakon haka a ambaliyar 2022 da ta mamaye unguwannin Njamena, da ta 2024 da ta shafi ƙasashen yankin baki ɗaya. Ga masunci babbar ambaliya albishir ce ta kifi, amma ita ce kuma take cinye masarar da ya shuka a ƙasan tafki, ta rushe bukkarsa da murhun bandarsa, ta kuma jinkirta shukar gaba idan ta ƙi janyewa da wuri, yayin da zafi yake saurin ɓata ɗanyen kifi, guguwa kuma take kifar da ƙananan jirage. Matsalar yau ta fi zama ta rashin tabbas a kan ta ƙarancin ruwa, domin duk tsarin raba aiki tsakanin su da noma ya dogara ne a kan iya hasashen inda ruwa zai tsaya da lokacin da zai juya.

Abin da fari bai iya yi ba, rashin tsaro ya yi shi. Harin da Boko Haram ta kai Baga da Doron Baga a Janairun 2015 ya watse babbar cibiyar cinikin kifi ta ɓangaren Najeriya, a cikin shekarar kuma hukumomin Nijar suka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, suka hana cinikin kifi da tattasai bisa hujjar toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi, suka kuma kwashe dubban mutane daga tsibirai, ba a ɗage haramcin su ba sai a 2019. A ɓangaren Najeriya ma an sha rufe hanya da taƙaita safarar kifi, masu ɗauke da makamai kuma suna karɓar haraji daga duk wanda ya shiga ruwan da yake hannunsu, an kuma kashe masunta da dama. Tun da kowace dabara da aka ambata tana buƙatar mutum ya iya tashi ya bi ruwa, ya sauya wuri, ya kai kayansa kasuwa, to masuncin da aka tsugunar a sansanin 'yan gudun hijira ya rasa su duka a lokaci ɗaya, ko da tafkin cike yake da kifi.

Maganin da shugabanni suka fi ambatawa shi ne janyo ruwa daga rassan Kogin Kwango, shirin da ake kira Transaqua, wanda wani kamfanin Italiya ya gabatar tun kusan shekarun 1980, ya ƙunshi haƙa magudana mai tsawon kimanin kilomita 2,400, aka kuma sake jaddada shi a taron Abuja na Fabrairun 2018. Ban da ɗimbin kuɗin da zai ci, akwai tambayar da ba a cika yi ba, wato makomar gonaki da makiyaya da ƙauyukan da suke ƙasan tafkin a yau, waɗanda cikar dindindin za ta nutsar da su, tare da rage hawa da saukar ruwan da yake haifar da kifi da noma. Akwai matakan da suka fi wannan kusa da hannu, kamar sakin ruwa daga madatsu a kan kari, wanda aka gwada a yaere a 1994 lokacin da aka sake buɗe wata mashiga da aikin Maga ya toshe, kifi da ciyawa suka dawo a sashen da ruwan ya kai. Haka nan Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗun suka kafa a 1964 da hedikwata a Njamena, tana da damar da ba kowane yanki yake da ita ba, domin ma'aunin Kogin Shari a watan Oktoba yana nuna girman ambaliyar da za ta isa kwarin kudu bayan makonni, ta kai kwarin arewa bayan watanni. Idan aka riƙa sanar da wannan awo ta gidajen rediyo cikin Hausa da Barbarci da Budumanci da Larabcin Shuwa, magidanci a Bosso ko Doron Baga zai san tun da wuri ko kuɗinsa na bana raga zai saya da su ko irin masara, da kuma nisan da ya kamata ya ja gonarsa daga bakin ruwa.